Wutar da Aka Sa wa Ɗiyata a Ƙafa

Aikin wuta nake yi tun ina saurayi. Ina da ɗan shago a Tudun Wada, inda nake gyaran fanka da dutsen guga da injin jan ruwa, idan kuma an sami sabon gini a kira ni in yi wayarin. Shi ya sa ranar da maiɗakina ta dawo daga asibiti da takarda a hannu, ta ce ana so in sa hannu a jona wa ɗiyarmu lantarki a ƙafa, ban ko tsaya na karanta ba na ce a'a.

Shekarar yarinyar shida a lokacin, ita ce 'yarmu ta fari. Haihuwarta ta zo da gardama, ta daɗe ba ta yi kuka ba, daga baya likitoci suka ce wani sashe na ƙwaƙwalwarta ya taɓu. A unguwa galahanga suke ce wa irin wannan lalura, kalmar da ba na so, don suna faɗinta ne kamar yaron bai san komai ba. Ɗiyata ta san komai. Magana ce ke fito mata a hankali, ƙafafunta kuma a sandare suke. Idan aka tsayar da ita sai su harɗe kamar almakashi, ta ɗage duga-dugai ta tsaya kan yatsu. A tsakar gida jan jiki take yi da gwiwar hannu. Sunan mahaifiyata muka sa mata, don haka ba na iya kama sunan, Uwata nake kiranta.

Kowane mako uwarta na kai ta sashen gashi na wani asibiti a cikin gari, inda ake miƙe mata ƙafafu ana lanƙwasawa. A can ne aka kawo wani keke na yara masu irin ciwonta. Maiɗakina ta yi mini bayani: yaro zai zauna ya ɗora ƙafa a kan feda, a manna masa wasu 'yan faci a cinya, wayoyi su tafi zuwa wani ɗan akwati, akwatin ya riƙa aika wuta kaɗan-kaɗan zuwa naman ƙafar don ya motsa a lokacin da ya kamata. Da yawan yi, in ji likitar gashin, naman yakan yi ƙarfi.

Ni kuwa abin da ke kaina daban ne. Shekaru kaɗan kafin nan, ni da wani abokin aikina muna wayarin wani gida a Minanata, shi yana cikin silin, ni ina ƙasa ina miƙa masa kaya. Babu wuta a unguwar tun safe, sai ya yi sakaci bai cire fiyus ba. Aka kawo wuta yana riƙe da tsirarar waya. Na ji ƙafafunsa suna bugun katako. Kafin in hau tsani in doke hannunsa da busasshen falanki, rai ya yi halinsa. Ni na sauko da shi. Tun daga ranar ban ƙara yarda da kalmar nan ta kaɗan-kaɗan ba idan wuta ake magana.

Maiɗakina ta san wannan labarin, don haka ba ta yi mini musu a ranar ba. 'Yar gidan malamai ce a Gawon Nama, ba ta ɗaga murya, amma idan ta sa abu a gaba ba ta sakinsa. Ta ɗora takardar a kan talabijin. Kwana uku takardar na wurin, kwana uku muna gaisawa kamar maƙwabta. A rana ta huɗu, ina ɗaura akwatin kayan aikina a bayan babur, ta biyo ni har zaure.

"Malam, ban ce ka sa hannu ba," in ji ta. "Ka tafi ka gani da idonka. Kai ne ka san wuta, ni ban san ta ba. In ka duba ka ce bai yi ba, ba ni ƙara tada maganar. Amma ka sani, yarinyar nan ta yi nauyi. Jiya da na goya ta zuwa bakin titi sai da na tsaya sau biyu."

Ban taɓa tambayarta yadda take ji da goyon ba. Na ce mata to.

Ranar Talata muka tafi, ana tsananin zafin bazara. Na saka tasta a aljihun gaba, abin nan mai kama da sukundireba da muke gwada ko waya na da wuta, ko da yake na san ba za ta yi mini amfanin komai ba. Ɗakin gashin ɗan ƙarami ne, da tabarmin roba a ƙasa da fanka ɗaya da ke kukan tana son mai. Keken na jingine a kusurwa. Ba shi da taya, kujera ce mai majingina da feda biyu masu maɗauri, sai akwatin da bai fi littafi girma ba.

Likitar gashin mace ce da ba ta kai ni shekaru ba. Ta san sana'ata, maiɗakina ta riga ta gaya mata. Na yi mata tambayoyi kamar ina tuhumarta. Daga ina akwatin ke samun wuta? Ta ce batir ne, ba a taɓa jona shi da soket alhali yaro na kai. In waya ta tsinke fa? Ta ce tsayawa yake yi da kansa. Na juya akwatin, na duba bayansa, na bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya ina neman inda roba ta goge. Ban samu ba. Ita ma ta yi mini nata tambayoyin, babbar cikinsu ita ce ko yarinyar ta taɓa yin jijjiga. Muka ce ba ta taɓa ba. Ta ce wannan na da muhimmanci, domin yaron da ke yawan jijjiga sai an yi shawara da likitan yara kafin a ɗora shi.

Daga nan na ce a fara sa mini. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in naɗe wando zuwa cinya, ta goge wurin da auduga, ta manna faci biyu masu sanyi. Da ta fara murɗa maɓallin sai na ji kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata. Ta ƙara. Tururuwar ta zama tsunkuli. Ta ƙara kuma, sai kawai na ga ƙafata ta miƙe ta tashi daga ƙasa ba tare da na ce ta tashi ba. Zufa ta karyo mini. Ba zafi ba ne, ban ji zafin a zo a gani ba. Ganin naman jikina yana biyayya ga wani abu da ba ni ba, shi ne ya tayar mini da hankali, don na taɓa ganin haka a jikin wani.

Ɗiyata na kan cinyar uwarta tana kallo. Da ƙafata ta sake tashi sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce a hankali, "Baba na harbi."

Na sa hannu a takardar.

Ranar da aka fara yi mata, na ce ni zan tsaya kusa da akwatin. Likitar ta nuna mini jan maɓallin da ke kashe komai, ta ce na yarda ka tsaya, amma kada ka taɓa sai na ce. Aka zaunar da yarinyar, aka ɗaure ƙafafunta a feda, aka manna faci a gaban cinya da bayanta. Ƙafafun sirara ne ƙwarai, facin ya kusa zagaye su. Da wutar ta fara shiga sai ta zaro ido, ta kama hannun kujera, bakinta ya karkace. Sai kuka. Yatsana na kan jan maɓallin. Likitar ta rage ƙarfin ba tare da ta dube ni ba, ta durƙusa daidai fuskar yarinyar ta tambaye ta zafi ne ko tsoro. Sai da ta daɗe tana jan numfashi kafin ta ce tsoro. Likitar ta ce mata to mu ƙirga tare, duk juyi ɗaya lamba ɗaya. Feda ta juya sau ɗaya a karkace, ta tsaya, ta sake juyawa. Suka kai goma, suka sake daga farko. Ba a fi minti biyar ba aka tsaya. Da aka ɓare facin sai ga jan shaci a fatar, mai kusurwa huɗu. Likitar ta ce yakan ɓace kafin la'asar, kuma ya ɓace.

Haka muka riƙa zuwa sau biyu a mako har damina ta faɗi. Minti biyar ya zama goma, ya zama ashirin. Wani lokaci likitar takan rage wutar ta ce wa yarinyar ta tura da kanta, ta kuwa tura, tana cije leɓe. Ni dai ban daina tsayawa kusa da maɓallin ba.

Akwai abin da ban yi ba a duk tsawon lokacin nan: ban gaya wa Inna ba. Mahaifiyata a ƙauye take, a gidanmu na gado, inda ƙannena ke noman gero da shinkafa. Tana son takwararta fiye da duk jikokinta, kuma ta sha cewa asibiti na wahalar da yarinyar ne kawai, a bar ta yadda Allah ya yi ta. Na yi ta cewa sai na je ƙauye in faɗa mata baki da baki, ban je ba.

Ita ta zo. Ta iso wata Alhamis da hantsi, mun dawo daga gashi ke nan, ni har na wuce shago. Ta ce ita za ta yi wa takwararta wanka. Tana cire mata wando ta ga jan shacin nan a cinyoyi biyu, bai gama ɓacewa ba. Ta tambaye ta mene ne, yarinyar kuwa da murnarta ta ce wutar keke ce.

Da na dawo cin abincin rana na tarar da Inna zaune a kan tabarma, ba ta taɓa kwanon da aka ajiye mata ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika duban fuskata ba. A ranar ta dube ni sosai.

"Kai da ka ɗauko gawar abokinka daga rufin ɗaki," in ji ta, "kai ne ka kai wagga yarinya anka sa mata wuta?"

Na durƙusa na fara bayanin batir da faci da yadda aka gwada a jikina. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san ba a ɓoye abin kirki.

Kwana biyu bayan haka yarinyar ta tashi da zazzaɓi. Uwarta ta ba ta magani, jikin ya ɗan yi sanyi, na tafi aiki. Bayan azahar, ina kwance injin wata fanka, wayata ta yi ƙara. Muryar maiɗakina ce, amma ban taɓa jin ta haka ba. Ta ce in zo, yarinyar na jijjiga.

Ban rufe shagon ba. Hadari ya haɗu, an fara yayyafi, ban san yadda na bi kwararo na isa gida ba. Na same ta kwance a tabarma, idanu sun kafe sama, haƙora a datse, ƙafafun nan na bugun ƙasa. Inna na riƙe da kanta tana salati. Na ɗauke ta, jikinta kamar garwashi. Wani maƙwabci ya tare mana adaidaita, muka shiga mu uku da yarinyar a cinyata. Kafin mu kai babban titi ruwa ya kece. A wani wuri ruwan ya cika hanya, motoci suka cunkushe, direban ya hau gefen titi yana ta hon. Jijjigar ta tsaya, ta sake dawowa. Ina jin ƙafafunta na bugun cinyata, ni kuwa abu ɗaya nake ta maimaitawa a zuciya: ni na sa hannu.

A ɗakin gaggawa na yara suka karɓe ta, suka yi mata allura, suka ɗebi jini, suka ce mu fita. Muka tsaya a baranda, kayanmu na ɗigar ruwa. Maiɗakina ta jingina da bango tana jan carbi da yatsu. Inna ta zauna a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, ba ta kallon kowa, shekara shida takwararta na duniya ba ta taɓa yin haka ba sai yanzu. Maiɗakina ta rufe fuska da mayafi.

Na bar su na nufi sashen gashi, yana can ƙarshen asibitin. Na tarar likitar na tattara kaya za ta tashi. Ban yi mata sallama yadda ya kamata ba. Na ce mata abin da ya faru, na ce ke kika ce ba komai. Ta ajiye jakarta. Ba ta kare kanta ba. Ta tambaye ni tun yaushe zazzaɓin ya fara, jijjigar ta kai minti nawa, duk jiki ne ko gefe ɗaya. Sannan ta ce daga yau an tsayar da keken har sai likitan yara ya ce a ci gaba, ta kuma biyo ni cikin ruwa zuwa ɗakin gaggawa.

Wajen la'asar sakaliya aka ce mu shiga. Yarinyar na barci, an sa mata ruwa a hannu. Likitan yaran, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce jinin ya nuna zazzaɓin cizon sauro mai yawa, kuma zafin jiki irin wannan kaɗai ya isa ya jawo jijjiga. Na tambaye shi kai tsaye ko wutar da ake sa mata ce. Ya ce shi a ganinsa ba ita ba ce, domin wutar tsakanin faci da faci take tsayawa a naman cinya. Amma ya ce yara masu lalurarta wasu sukan fara farfaɗiya ko da babu keke babu zazzaɓi, don haka ba zai sake mu haka ba, sai an yi gwajin ƙwaƙwalwa bayan ta warke. Na fassara wa Inna abin da ya ce da turancin da ya gauraya a ciki. Ta ce, ai shi ma bai rantse ba.

Kwana huɗu muka yi a asibiti. Gwajin kuwa sai da muka jira makonni, domin layi ne. A makonnin nan gidanmu ya yi shiru irin wanda ba na so. Inna ta ƙi komawa ƙauye. Maiɗakina ta daina maganar gashi gaba ɗaya, ko miƙe ƙafafun da take yi wa yarinyar da safe sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa take yi. Duk motsin da yarinyar ta yi cikin barcin rana sai mu duka mu juya. Ni kuma a shago na fara kuskuren da ban saba ba, har na haɗa wa wani fanka tana juyi baibai.

Abin da na lura da shi, ban faɗa wa kowa ba, shi ne ƙafafun sun fara komawa yadda suke. Kafin ciwon, in na tsayar da ita jikin gado takan daɗe har in ɗaura agogo in sa hula. Yanzu ina sakinta take sulalewa. Sai a lokacin na gane cewa keken ya yi wani abu, domin ban ga zuwan ƙarfin ba sai da na ga tafiyarsa.

Ranar gwajin aka liƙa mata wayoyi a ka, abin da ya sa Inna ta fita daga ɗakin. Da sakamakon ya fito, dattijon likitan ya ce bai ga alamar farfaɗiya ba. Ya ce za ta iya komawa keke, amma a fara daga ƙasa, kuma duk ranar da jikinta ya yi ɗumi kada a ɗora ta.

A gida na sami Inna tana ɗaure kayanta, don gero ya nuna, ana nemanta a ƙauye. Na zauna gefen tabarma na faɗa mata abin da likita ya ce, na ce ina neman izininta, na kuma roƙi gafara kan ɓoyewar da na yi. Ta ce ta yafe ɓoyewar.

"Amma izini ba ni ba da shi," in ji ta. "Ɗiyakku ta. In kun ga ku mai da ta, ku mai da ta. Ni dai ban ce ba."

Na raka ta tasha a haka. Da na dawo, maiɗakina ta ce ita ma yanzu tsoro take ji, in na ce a bari za ta bari. Nauyin ya dawo kaina ni kaɗai, kuma babu wanda zai iya rantse mini. Na yi kwana biyu ina juya abin. A na uku, da safe, yarinyar na cin kunu a tsakar gida, na tsuguna gabanta.

"Uwata, kina son komawa wurin keke, ko a bari?"

Ta ajiye ludayi. Maganarta na ɗaukar lokaci, na jira. Ta ce tana so. Ta ce wata yarinya da suke haɗuwa a can ta kusa wuce ta a ƙirga. Sannan ta ce amma in daina tsayawa a kanta, don in ina wurin fuskata na ba ta tsoro.

Muka koma ranar Talata. Na gaishe da likitar, na ba ta haƙuri kan yadda na shigo mata ranar ruwan, ta ce ba komai. Na zauna a benci a waje, inda nake jin muryoyinsu ta taga suna ƙirga. Duk lokacin da ƙirgar ta yanke sai in miƙe, in ta ci gaba in zauna. Minti biyar aka yi. Ta fito a hannun uwarta tana cewa yunwa take ji.

Yanzu an fi shekara. Jijjigar ba ta dawo ba, amma har yau ko kanta ya ɗan yi zafi sai mu tafi gwajin jini a ranar. Ba ta tafiya ita kaɗai, likitar ma ba ta taɓa yi mana alkawarin za ta yi ba. Tana da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da wani mai walda a layinmu ya ƙera mata daidai tsawonta. Inna na zuwa, tana wasa da takwararta, ba ta tambayar keke, mu ma ba ma tayarwa a gabanta.

Da aka buɗe makarantu bana muka sa ta aji ɗaya. Ranar farko na kai ta a babur, na sauke ta a ƙofar ajin, na miƙa mata ƙarfen. Malamar ta matso za ta ɗauke ta, yarinyar ta ce a'a. Bencinta na layi na biyu. Ta tura ƙarfen, ta ja ƙafar dama, ta ja ta hagu, yara duk sun yi tsit suna kallo. A tsakiya ƙafafun suka harɗe, ta tsaya tana haki, sannan ta warware su da kanta ta ci gaba. Da ta zauna sai malamar ta juya ga allo ta fara darasi. Na tada babur na tafi shago, na tarar mutum biyu na jirana da fankokinsu.